Amsoshin Tambayoyinku: Canjin Ruwan Jini Yana Warkar da Ciwon Hanta?

TAMBAYA

Ina da ƙane da yake karatu a Indiya. Watannin baya ya kwanta da zazzaɓi da amai, idanunsa suka yi ɗorawa shar, kafin mako ya zagayo ya fara sambatu, ko abokan zamansa ba ya ganewa. A asibiti aka ce hantarsa ce ta tsaya farat ɗaya sakamakon ciwon hanta nau'in E. Suka yi masa wani aiki da suka kira canjin ruwan jini har sau uku, cikin ikon Allah ya farfaɗo, yanzu ma ya koma makaranta. To a nan gida muna da baffanmu da ya yi shekaru yana fama da ciwon hanta nau'in B, cikinsa da ƙafafunsa sun kumbura. 'Yan'uwa sun ce a sayar da gona a kai shi can a yi masa irin wannan aiki. Don Allah mene ne canjin ruwan jini? Shi ne wankin ƙoda ko daban yake? Kuma zai yi wa baffa amfani?

Daga wani mai karatu a Zariya

AMSA

 Malam, barka da arziki, Allah Ya ƙara wa ƙanenka lafiya, Ya kuma ba baffa sauƙi. Tunda maganar sayar da gona ta shigo, bari in fara da abin da ya fi gaggawa: ku dakata tukuna. Ciwon ƙanenka da na baffa duk a hanta suke, amma hanyarsu ta rabu tun daga tushe, kuma aikin da ya taimaki ɗaya ba a yi shi don irin ciwon ɗayan ba. Zan bi da kai daki-daki, domin ka samu abin da za ka yi wa 'yan'uwa bayani da shi.

Hanta da abin da ke faruwa idan ta tsaya

Hantar babban mutum tana kai kimanin kilo 1 da rabi, tana kwance a ƙarƙashin haƙarƙarin dama. Ayyukanta suna da yawa, amma uku sun isa a fahimci tambayarka. Na farko, tana tace jini, ta kawar da dattin da jiki ke tarawa, irin su ammoniya da ke tasowa daga hanji da kuma sinadarin nan da ke rina ido ya yi ɗorawa. Na biyu, tana ƙera sinadaran da ke sa jini ya daskare idan an ji rauni, da wani furotin mai suna albumin da ke riƙe ruwa a cikin jijiyoyi. Na uku, tana ajiye sukari ta riƙa sakin sa a hankali idan mutum bai ci abinci ba.

Idan aka ce hanta ta gaza farat ɗaya, ana nufin mutumin da ba a san shi da ciwon hanta ba, sai wani abu ya kashe yawancin ƙwayoyin hantarsa cikin kwanaki ko 'yan makonni. Likitoci suna duba abu uku: shawara ta bayyana, jini ya daina daskarewa yadda ya kamata, sannan hankali ya fara gushewa. Na ukun nan shi ne ƙararrawar haɗari. Yakan fara da abin da iyali ba sa ɗauka da nauyi: mutum ya riƙa barci da rana yana ido biyu da dare, ya riƙa faɗa ba dalili, ya manta sunan ɗansa. Idan aka ce ya miƙe hannuwansa ya ɗaga tafukan sama, sai a ga suna faɗuwa suna tashi ba da sonsa ba. Daga nan sai sambatu, sai doguwar suma. Ammoniyar da hanta ta kasa kawarwa ce take isa ƙwaƙwalwa ta kumbura ta. A lokaci guda matattun ƙwayoyin hantar suna zubo abin da ke cikinsu a jini, garkuwar jiki ta harzuƙa fiye da kima, ƙarfin jini ya faɗi, ƙoda ta tsaya, ƙwayoyin cuta su samu ƙofa. Sau da yawa waɗannan ne ke kashe mara lafiya kafin hantar ta samu damar murmurewa.

Damar kuwa tana nan, domin Allah Ya yi wa hanta wata baiwa da zuciya da ƙoda ba su da ita: tana sake tofowa. Ana iya yanke kusan kashi 2 cikin 3 na lafiyayyar hanta, ragowar ta girma ta cike gurbin cikin makonni zuwa 'yan watanni. Saboda haka duk faɗi-tashin da ake yi a kan mara lafiya irin ƙanenka, manufarsa guda ce: a riƙe shi da rai har hantarsa ta tofo, ko har a samu wadda za a dasa masa.

Yadda ake yin aikin

Idan aka zuba jini a kwalba aka juya shi da ƙarfi a na'ura, yakan rabu biyu. Ƙwayoyin jini su kwanta a ƙasa, wani ruwa mai launin fatsi-fatsi ya taso sama. Wannan ruwan shi ne filasma, wato ruwan jini, kuma shi ne kimanin kashi 55 cikin 100 na jinin mutum. Babban mutum yana ɗauke da wajen lita 3. A cikinsa dattin da hanta ta kasa kawarwa yake yawo, a cikinsa kuma ya kamata a samu sinadaran da hanta ta daina ƙerawa.

Ana sa wa mara lafiya roba mai baki biyu a babbar jijiyar wuya ko ta matsematsi. Jini ya fita ta baki ɗaya ya shiga na'ura, na'urar ta ware ruwan daga ƙwayoyin, ko dai ta hanyar juyawa ko ta matata mai ƙananan ƙofofi. Ruwan mara lafiya ya tafi wata leda da za a zubar. Ƙwayoyinsa kuma a haɗa su da ruwan jinin lafiyayyun mutane da suka ba da gudummawa, su koma jikinsa ta ɗaya bakin. Wanda ya tsaya a gefen gadon zai ga bambancin da idonsa: ledojin da ke rataye a sama ruwansu garai-garai, ledar da ke cika a ƙasa kuwa ta yi duhu kamar shayi mai kauri, wani lokaci har da ratsin kore. Zama ɗaya yana cin sa'o'i, ma'aikaciyar jinya tana canza leda bayan leda, kuma yawanci ana maimaitawa kwana uku a jere.

Ka ga ke nan aikin yana yin abu biyu a tare: yana fitar da datti, yana kuma zuba abin da ya ƙare. Kamar manomi ne da ciwo ya kayar da shi a tsakiyar damina, sai 'yan unguwa suka yi masa gayya suka nome gonar. Gayyar ba ta ba shi lafiya ba, amma ta hana ciyawa cinye shukar kafin ya miƙe. Idan kuwa ciwon nasa ba na tashi ba ne, babu gayyar da za ta riƙe gonar har abada.

Game da wankin ƙoda, sun yi kama a ido, domin duka jini ne ke fita ya bi ta na'ura ya dawo, har ma wasu injinan wankin ƙoda ana iya sa musu matatar da za su yi wannan aiki. Bambancin yana cikin abin da kowanne ke iya fitarwa. Wankin ƙoda yana kwashe ƙananan abubuwa da ke narkewa a ruwa, irin su gishirin fitsari da ammoniya. Da yawa daga dattin hanta kuwa manne yake da albumin, wani kuma ƙwayarsa ta fi ƙarfin matatar ƙoda, sai an zubar da ruwan gaba ɗaya ake rabuwa da shi. Kuma wankin ƙoda ba ya mayar wa jiki da sinadaran daskarar da jini. Shi ya sa a ɗakin kulawa ta musamman za ka tarar an haɗa wa mutum ɗaya duka biyun.

Abin da bincike ya nuna

Tunanin ba sabo ba ne. Tun a shekarun 1960 likitoci a birnin Cape Town na Afirka ta Kudu suka gwada canza jinin masu suman ciwon hanta gaba ɗaya. Wasu suna farkawa, amma da aka auna da kyau ba a ga an rage mace-mace ba, sai aka yi watsi da shi.

Hujja mai ƙarfi ta zo ne a 2016, lokacin da Farfesa Fin Stolze Larsen na birnin Kofanhegan a Denmak da abokan aikinsa suka fitar da sakamakon wani gwaji da suka yi daga 1998 zuwa 2010, tare da asibitoci a Helsinki da Landan. Marasa lafiya 182 aka raba gida biyu ta hanyar ƙuri'a. Mutum 90 suka samu kulawar da aka saba, mutum 92 aka ƙara musu da canjin ruwan jini mai yawa, lita 8 zuwa 12 a kowace rana har kwana uku. A cikin waɗanda aka yi wa canjin, kusan 59 cikin 100 sun fita asibiti da rai. A ɗaya rukunin kuwa kusan 48 cikin 100. Ribar ta fi fitowa a wurin waɗanda ba a yi wa dashen hanta ba. An kuma lura cewa ƙarfin jininsu yana daidaita, buƙatarsu ga magungunan ɗaga shi tana raguwa. A kan wannan ne ƙungiyar likitocin hanta ta Turai ta shigar da aikin cikin shawarwarinta na 2017, ta kuma jaddada cewa ya fi amfani idan an fara da wuri.

Ka dubi lambobin nan da kyau, Malam. Bambancin mutum 11 ne cikin 100. Rayuka ne masu yawa, babu mai raina su. Amma ko a cikin waɗanda aka yi wa aikin, a manyan asibitocin Turai, mutum 41 cikin 100 sun rasu.

Indiya, inda aka yi wa ƙanenka, ta taka rawa babba wajen sauƙaƙa aikin. A 2022 Dakta Rakhi Maiwall da abokan aikinta a cibiyar cututtukan hanta ta Delhi sun fitar da sakamakon gwajin adadin ruwa da bai kai na Turai ba a kan marasa lafiya 40. Bayan kwana 21, kashi 75 cikin 100 na waɗanda aka yi wa canjin suna raye ba tare da dashe ba, a ɗaya rukunin kuma kashi 45. A kudancin ƙasar, likitocin asibitin koyarwa na Vellore a jihar Tamil Nadu sun fuskanci wata annoba ta daban: wani maganin ɓera mai kama da man goge baki, wanda ke ɗauke da sinadarin fosfaras, da matasa ke sha cikin ɓacin rai, yara kuma su lasa bisa kuskure. Mutum yakan zama kamar lafiya lau kwana biyu ko uku, sannan hanta ta rushe. Da yake yawancinsu talakawa ne da ba su da halin dashe, sai likitocin suka riƙa canza kimanin rabin ruwan jinin mara lafiya kawai a kowane zama, suka kuma koyar da asibitocin gwamnati na jihar. Sun ba da rahoton ceto mutane da dama da wannan hanya.

Sai dai adalci shi ne ka ji ɗaya ɓangaren. Wani nazari da aka yi a cibiyoyin dashen hanta na Birtaniya, wanda ya bi bayanan marasa lafiya fiye da 300 da aka kwantar tsakanin 2013 da 2021, ya ga aikin yana daidaita ƙarfin jini, amma bai ga ya ƙara yawan waɗanda suka rayu ba. Saboda haka har yanzu likitoci suna tattauna wane mara lafiya ne ya fi dacewa, da yaushe za a fara, da lita nawa. Abin da suka haɗu a kai shi ne: gada ce, ko zuwa ga tofowar hanta ko zuwa ga dashe.

Haɗari da tsada

Ruwan jinin wani ne ake zuba wa mutum da yawa, don haka jiki na iya ƙin sa: ƙaiƙayi, borin jini, zazzaɓi, wani lokaci huhu ya cika da ruwa. Sinadarin da ake sawa don kada jini ya daskare a cikin na'ura yana kama kalsiyam na jiki, sai leɓe da yatsu su riƙa tsitstsira, tsoka ta ɗaure, bugun zuciya ya rikice idan ba a mayar da shi ba. Robar wuya tana iya zubar da jini ko ta shigo da ƙwayoyin cuta. Aikin yana kuma kwashe wasu magungunan da aka ba mara lafiya, dole a daidaita lokacin ba da su.

Akwai wani abu da ke yaudarar iyali. Bayan an gama zama, sakamakon gwaji yakan yi kyau: shawara ta ragu, jini ya koma daskarewa. Murna ta kama kowa. Amma kyan nan na aro ne, na ruwan mutanen da suka ba da gudummawa. Hukuncin gaskiya yana zuwa bayan an tsayar da aikin, idan aka ga lambobin sun tsaya da ƙafarsu kuma hankali ya dawo.

Sai batun ruwan kansa. Leda ɗaya ta filasma ba ta wuce rubu'in lita ba sosai. Lita 10 tana cin leda wajen 40, a rana ɗaya, dukkansu daga rukunin jinin da ya dace, an tantance su daga ƙanjamau da ciwon hanta, an daskarar da su cikin sa'o'i kaɗan da ɗiba, an ajiye su a firji mai tsananin sanyi da wuta ba ta yankewa. Duk wanda ya taɓa yawon neman leda biyu ta jini da tsakar dare don mai naƙuda ya san abin da wannan ke nufi a wurinmu. Kafin a yi maganar na'ura, sai an samu mutanen da ke ba da jini don Allah, a kai a kai, ba sai ɗan'uwa ya kwanta ba.

Maganar baffa

Yanzu mu dawo kan baffa. Abin da ka bayyana, shekaru da ciwon hanta nau'in B ga kumburin ciki da ƙafa, ya fi kama da hantar da ta ƙandare. Ƙwayar cutar ta yi shekaru tana ji mata rauni, kowane rauni ya bar tabo, har tabon ya mamaye naman. Irin wannan hanta ba ta tofowa yadda ta ƙanenka ta yi. Idan aka canza masa ruwan jini yau, idonsa zai ɗan washe, amma cikin 'yan kwanaki komai zai koma inda yake, kuɗin gona kuma ya tafi. Akwai lokacin da mai tsohon ciwo kan rikice farat ɗaya, kuma ana gwada aikin a kan irin waɗannan a wasu cibiyoyi, amma wannan hukunci ne na likitan hanta a gaban gado, ba abin da za a yi wa tafiya takanas ba.

Abin da baffa yake buƙata ya fi wannan araha, kuma ana samunsa a asibitocin koyarwa na gida. A kai shi wurin likitan hanta da hanji. A auna yawan ƙwayar cutar a jininsa, a ɗora shi a kan maganin da ke danne ta, tenofovir ko entecavir, ƙwaya ɗaya a rana. Idan ya fara, kada ya daina da kansa ko da ya ji sauƙi, domin yanke maganin kwatsam na iya tayar da cutar ta rushe ragowar hantar. A rage masa gishiri da dunƙulen miya, a ba shi maganin fitar da ruwa bisa awo. A leƙa maƙogwaronsa da na'ura don a ga ko jijiyoyi sun kumbura, domin fashewarsu ce ke kawo aman jini. A riƙa yi masa hoton ciki duk wata 6 saboda tsoron sankarar hanta. A nisanta shi da jiƙe-jiƙe da sassaƙen da ba a san abin da ke ciki ba, da magungunan ciwon jiki na kemis. Idan likita ya ga ciwon ya kai matakin dashe, a lokacin ne maganar Indiya ko Masar za ta taso da dalili. Kuma a gwada matansa da 'ya'yansa da ku 'yan'uwa, wanda ba shi da cutar a yi masa rigakafi. Binciken ƙasa na 2018 ya nuna cewa kimanin mutum 8 cikin 100 na manya a Nijeriya suna ɗauke da ita, yawancinsu ba su sani ba.

Abin da ke hannunmu

Yawancin abubuwan da ke tsayar da hanta farat ɗaya ana iya kauce musu. Nau'in A da E ta gurɓataccen ruwa da abinci suke shigowa. Nau'in E ya fi tsanani ga masu juna biyu: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yana iya kashe mace 20 zuwa 25 cikin 100 idan ya kama su a watannin ƙarshe na ciki, kuma an ga haka da ido a annobar da ta ɓarke a yankin Diffa na Nijar a 2017, inda mata masu ciki suka fi yawa a cikin mamatan. Farasitamol, wanda shi ne kan gaba wajen haddasa wannan ciwo a Ingila da Amurka, kada babban mutum ya wuce giram 4 a yini, wato ƙwaya 8 masu lamba 500, kuma a tuna cewa magungunan mura da yawa suna ɗauke da shi a ciki. Wanda ya sha fiye da kima akwai makarinsa, kuma ya fi aiki idan an ba da shi cikin sa'o'i 8 na farko, tun mutum bai ji komai ba. Mai shan maganin tarin fuka da ya ga idonsa ya canza ko amai ya dame shi, ya koma asibiti a ranar. Jariri kuma a yi masa allurar nau'in B cikin sa'o'i 24 da haihuwa.

Babban abin da ya ceci ƙanenka, bayan ikon Allah, shi ne abokansa sun kai shi asibiti da wuri. A wurinmu sau da yawa idan mai shawara ya fara sambatu sai a ce iska ce ta taɓa shi, a yi kwanaki ana hayaƙi da jiƙo, sai ya suma a ɗauko shi. A yi addu'a, a yi tofi, amma a yi su a kan hanyar asibiti. Duk mai shawarar da barcinsa ya juye, ko maganarsa ta rikice, ko dasashinsa ya fara zubar da jini, ko mace mai ciki da idonta ya yi ɗorawa, kada a bari su kwana a gida.

Don haka, Malam, ku riƙe gonarku, ku kai baffa wurin likitan hanta a cikin makon nan, ku gwada iyali gaba ɗaya. Kai kuma da sauran masu karatu da Allah Ya ba lafiya, ku je ku ba da jini, domin da jinin bayin Allah da bai taɓa gani ba aka riƙe ƙanenka har hantarsa ta dawo. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya.